Askin Rumbun Inna

Mijina Ercim mutumin kirki ne, sai dai ɗan kudu ne, can inda itatuwa ke da tsayi. A wurinsu gansakuka ciyawar banza ce da ake cusawa a kafofin bango. Mu nan bakin teku ita ce bargon ƙasa. Ka yaye ta, rana ta sami ƙanƙarar da ke kwance a ƙarƙashi, ƙasa ta koma kunu.

A lokacin zafin bana ina da tsohon ciki, shi kuma ya dage sai ya toshe duk wata kafar iska a ɗakinmu kafin in haihu. Ni da Inna muka yi kwanaki a sansanin kamun kifi. Gogan naka ya dubi tudun bayan gida shar da gansakuka, ya kankare shi tas, ya cusa ta a kafofin bangonmu. Tudun nan kuwa rufin rumbunmu ne, ramin da marigayi Baba ya haƙa cikin daskararriyar ƙasa. Duk kifin da za mu ci har sanyi ya wuce yana ciki.

Da muka dawo Inna ta tsaya cak.

"Wane ne ya yi wa rumbuna aski?"

"Ni ne, Inna," in ji Ercim, har da murmushinsa. "Saboda jaririn."

"To madalla. Bangon zai ci ke nan in yunwa ta zo?"

Ta sauka tsani, ta hawo da hannu jiƙe. Rufin na ɗiga, kifin sama ya fara laushi. Garin neman gira mijina zai rasa mana ido, ga shi rumbunan maƙwabta duk sun cika.

Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari. Tsoho Bahilai maƙwabcinmu ya iso da wuƙaƙe da jikokinsa mata.

"Ina wanzamin? Taso, surukin gari, yau za ka koyi mayar da gashi."

Suka yi nisa cikin fili suna yanko gansakuka da saiwarta da ƙasarta, nan kaɗan can kaɗan, don kada su buɗe wa wani wurin ciwo. Ercim ne ɗan dako. Sauro ya ci shi har idonsa ya kumbura, bai fasa dakon ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Aka jera yankan a kan tudun, aka lulluɓe da fatun barewa, Inna ta liƙe ƙofa ta ce duk wanda ya buɗe kafin sanyi ya sauka, ita da shi ne.

Cikin wannan jiran na haifi 'yata Kunnei. Ercim na rungume da ita, amma idonsa na kan tudun.

Ranar da kududdufai suka daskare, Inna ta sauka ita kaɗai. Ta daɗe har na fara salati a zuci. Sai ga ta da kifi guda, ta buga shi a kan tebur, ya yi ƙara kamar itace. Ta fere shi ɗanye yadda muke cinsa, naman na nannaɗewa a bakin wuƙa. Ta tsoma yankan farko a gishiri, ta tsallake Bahilai da ya shigo gani, ta tsallake ni.

"Ungo, ɗana," ta ce wa Ercim. "Ci, ka rame."