Ludayin Raba Faɗa

"Umma, in kin tafi raba faɗan mutanen wata ƙasa, wa zai raba ni da Tasi'u?"

Ɗana Anwar ke nan, jiya da dare. Tasi'u ɗan maƙwabta ne, mai ƙwace masa keke. An ɗauke ni horon farar hula kan sasanci da raya al'umma a ƙasashen waje, yau kuma zan faɗa wa masu horon ko zan je. Na ce wa yaron, "Sai da safe."

Da tambayar na kwana jiya, sai ga mafarki.

Na gan ni a makarantar horon. Ana ruwa daga ƙasa zuwa sama, kowa ya taka lemarsa. Shugabar wata akuya ce mai tabarau. Ta karɓi takardar shaidata ta cinye, ta ce ta yi kyau, gishiri ne dai bai ji ba.

"Darasin farko, raba faɗa," in ji ta. Ta miƙo min ludayi.

Sai ga mu a filin jirgi. Garuruwa biyu sun kawo faɗansu a tukunya, yana tafasa yana zage-zage. Jama'a sun yi layi da faranti.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai raba su ake yi, ba raba musu ba."

"Ke kika sani. Zuba."

Na zuba. Kowa ya samu ɗan mitsitsi, bai isa ko harara ba. Wani tsoho ya ɗanɗana ya ce, "A kan wannan muka ƙona gonaki?" Ya juye wa kaji.

Na ƙarshe a layi Anwar ne. Saura ƙanzo. Na ɓoye ludayin a bayana.

"Wannan ɗana ne. Ni zan ci nasa."

Akuyar ta sauke tabarau. "Ki ci nasa, ki faɗi jarrabawa. Ran da ba kya nan, da wane haƙori zai tauna?"

"Umma, sa min kaɗan," in ji Anwar. "Zan sam wa Tasi'u."

Na fara kankara masa.

Ƙarar kankarar tukunya ce ta tashe ni, mahaifiyata na wanke-wanke. A waje an fara rigimar keke. Na rarumi mayafi, sai na tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ka tuƙa zuwa famfo, ni in dawo da shi," in ji Anwar. "Amma ka sauka fa, ɓarawo!"

Na ajiye mayafin, na ɗauki waya na ce zan je.

Ke uwa mai karatu, kada ki kuskura ki ce wa yaro "sai da safe". Akuya ce za ta amsa miki, kuma ba ta san lallashi ba.