Rigar da Jibrilla Ya Aiko

"Inna, in sojan su Baba sunka zo, mu za su harba ko su Raƙiya?"

Ina tsakiyar wanke wa Rashidu goshi da ruwan gishiri ya yi mini wannan tambaya. Shekararsa shida. Na ce ya rufe baki ya tsaya in ga raunin.

Ubansa Jibrilla mutumin Gwadabawa ta jihar Sakkwato ne, direban motar albasa. Rufe iyakar Nijar da Najeriya ya rutsa da shi a can, ya kuma ƙi baro motar mutane ya biyo daji. Abin da ya samu ya aiko ta hannun wani ɗan kabu-kabu shi ne rigar ƙwallo, kore da fari da kore. Rashidu har barci yake da ita.

Tun da aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa Nijar daga Najeriya, yaran unguwarmu a Tawa suka ƙirƙiro wasa. Su ja layi a ƙasa da kara, su duka a gefe ɗaya, mai koriyar riga shi kaɗai a ɗaya gefen. Da kashin awaki suka fara jifansa. Ranar nan dutse ne.

Na ɗauki mayafi na shiga wurin maƙwabciyata Raƙiya, don babban ɗanta ne ke raba rundunar. Na iske ta tana zubar da lamurjen sayarwa da ya lalace a firigo, wato firji, saboda rashin wuta. Ko tabarma ba ta ba ni ba. Ta ce wasan yara ne, kuma in ina neman mai laifi in tambayi dangin mijina da suka bar mu cikin duhu. Na ce Jibrilla sitiyari yake riƙewa, bai san inda ake kashe wuta ba.

"To ki cire mishi tutarsu, Hajaratu," in ji ta. "Nan ba Sakkwato ba ne."

Dodo mai shayi ma, da na kai masa ƙara don a gabansa ake wasan, dariya ya yi, wai ai yaro na koyon kishin ƙasa.

Ni ba ni da lokacin gardama da unguwa guda. Washegari da Rashidu ya tafi lakwal, wato makaranta, na farke koren da ke kafaɗun rigar, na ɗinka ƙyalle ruwan lemu a wurin, na ƙara 'yar da'ira a ƙirji. Ta koma tutar Nijar sak. Da ya dawo ya daɗe yana jujjuya ta, ya ce Baba ba zai gane shi ba. Na ce Baba goshi lafiyayye yake son gani. Na zura masa ita da ƙarfi.

Dabarar ta ci. Da la'asar ya shigo da gudu yana haki, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Ya ce yau an sa shi cikin sojan ƙasa, har an ba shi kara. Na tambaye shi to wa aka tsayar a bayan layin. Ya ce Shamsiya, ɗiyar matar nan ta Kwatano, ƙasar Benin, mai soya doya, kuma shi ya fara samun ta a kunne.

Na kama hannunsa muka nufi rumfar uwarta don mu ba da haƙuri.

Ke uwa mai karanta wannan, in kin ga yara sun ja layi a ƙofar gidanki, kada ki tsaya neman gefen da ɗanki zai tsira. Fita ki share layin da ƙafarki tun suna kan kashin awaki.