Gilashin da Ba Ya Ɓaruwa

A shekarar da soja suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma bariki, 'yar Istifanus Tagwai ta samu aikin koyarwa a wata firamare ta coci a Trikania. A wani gidan wannan ba labari ba ne. A gidan Istifanus kuwa sai da aka yanka zakara, domin Hadassah zabiya ce, kuma tun da ta gama kwalejin malamai, ita ma da ƙyar, take zaune a ɗaki a Sabon Tasha, labule a sake, sai rana ta faɗi take leƙa ƙofar gida. Rana ba ta yi mata da wasa. Shanya kaya kawai za ta tsaya yi, kafin yamma wuyanta ya yi jawur ya tashi. Ga wani gyambo a ƙeyarta da ya ƙi warkewa, har likita ya ja uban gefe ya gaya masa cewa in ba a raba fatar nan da rana ba, abin da zai biyo baya ba ya jin magani.

Istifanus tsohon direban masaƙa ne a Kakuri, mutum mai sanyin hali, irin wanda za ka taka masa ƙafa ya ce maka sannu. Abin da ya tsira da shi daga aiki wata tsohuwar Fijo ce. Ya ce shi zai riƙa kai ta yana ɗauko ta, yarinyar nan ba za ta tsufa a bayan labule ba. Sai dai gilashin mota ba ya tare rana. Wani dattijo a coci ya ba shi shawarar ya sa tinti, wato baƙar ledar nan da ake manna wa gilashi ya yi duhu.

To, akwai doka tun zamanin soja: ba a sa gilashi mai duhu sai da izini daga sama, shi ma sai in da dalilin ciwo ko na tsaro. Istifanus yana da dalili, ya je ofishin, aka ce ya dawo. Ya koma, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A kan titi kuma an zuba wani kwamiti na masu kaki da bindiga, waɗanda mutanen gari suka raɗa wa suna 'Yan Ɓare, saboda aikinsu ke nan: su tare ka, su miƙa maka reza, ka ɓare ledarka da hannunka suna kallo. Sababbin masu mulki kam sukan wuce da gilashi baƙi ƙirin da jiniya, a ƙame a sara musu.

Ya sha yawo a Kakuri kafin ya samu mai aikin. Bakanike ya tura shi wurin mai fenti, mai fenti ya tura shi wurin mai walda, daga ƙarshe ya tarar da Boniface a wata rumfar kwano bayan masu sayar da kayan gyara, yana fesa ruwan sabulu a gilashin wata bas. Ya yi masa bayani.

Boniface ya goge hannu ya ce, “Oga, leda wahalar banza ce. Yau na manna, gobe sun ba ka reza, jibi ka dawo wurina. Ni ina so, ai ciniki ne. Amma tunda maganar pikin ce, 'yar cikinka, zo ka gani.”

Ya shige ciki ya fito da wani gilashi mai launin ruwan shayi, na tsofaffin motocin waje, 'yan Beljiyam, da ake farkewa a sayar da sassansu.

“Wannan duhunsa a cikin jikinsa yake, daga kamfani. Babu leda. Su kankare har Yesu ya dawo.”

Ba cuta Boniface ya yi niyya ba, ya yarda da dabararsa ɗari bisa ɗari, Istifanus ma haka. Su biyun suka tsaya suna murmushi kamar sun ci gari da yaƙi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa abin da mai bindiga zai yi in ya ba da umarni abu ya ƙi yiwuwa. Aka sauya gilasan baya duka, da na gefe da babban.

Makonnin da suka biyo baya, Istifanus bai taɓa jin daɗin tuƙi irin na lokacin ba. Hadassah na zaune a baya cikin inuwa, bakinta ba ya hutawa. Ashe haka kasuwar Sabo take da tsakar rana? Wa ya gina wancan bene? Takan kwaikwayi 'yan ajinta ɗaya bayan ɗaya har uban ya yi dariya ya kusa faɗawa rami. Gyambon ma ya fara kamewa.

Ranar da abin ya faru, an tashi makaranta rana na tsaka, irin zafin nan na bayan damina. Kafin su hau hanyar Kachia suka tarar da shinge, tayoyi da katako mai ƙusa. Wani saje mai kumburarren ido ya ɗaga hannu. Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa gilashin da bakin bindiga.

“Izini.”

“Ranka ya daɗe, na nema, ana kan yi. Yarinyata ce ba ta da lafiyar fata.”

“Kowa da ciwonsa, Baba. Ungo.” Ya cillo masa reza.

“Ranka ya daɗe, wannan ba leda ba ce. Ba ya ɓaruwa.”

Bai rufe baki ba mari ya sauka. Hularsa ta yi gefe, kunnensa ya ɗauki ƙara. Sajen ya ce tun safe yake ɓare gilashi a wurin nan, bai ga wanda ya gagara ba, sai yau wani tsoho zai koya masa aikinsa. Istifanus ya sunkuya ya ɗauki rezar. Ya san banza ce, amma ya buɗe ƙofar baya ya fara kankara, ko ganin ƙoƙarinsa zai sa a tausaya. Rezar na zamewa tana ƙara, ko gezau gilashin bai yi ba. Wani ƙaramin mai kaki ya zo ya gwada da wuƙarsa, ya gaza, haushi ya kama shi, ya zabga wa Istifanus bel a gadon baya.

A nan ne Hadassah ta fito. Da ma uban ya roƙe ta da ido ta zauna, amma ina. Ta tsaya gaban sajen da malafarta da baƙin tabarau.

“Malam, sa'an babanka ne fa. Mulkin soja ya wuce, ba ku da ikon dukan mutum a kan titi.”

Sajen ya dube ta sama da ƙasa, ya yi wata dariya mara daɗi.

“Au, lauya ce a ciki? Baturiyar Sabo.” Ya kaɗe malafar da bayan hannu, ya fizge tabarau ya taka. Ya kama ta a wuyan riga ya ja ta tsakiyar kwalta, ya doki bayan gwiwarta da takalmi, ta zube. “Durƙusa nan. Hannu sama, kai ƙasa. Sai babanki ya ɓare gilashinsa za ki tashi, mu ga mulkin da ya wuce.”

Kai ƙasa, wato ƙeyarta a buɗe, rana na dukan gyambon kai tsaye. Istifanus ya rarrafa ya kama ƙafar sajen. Ya ce a durƙusar da shi a madadinta, a kai shi duk inda za a kai shi, a riƙe motar ma. Gindin bindiga ya samu a baki. Ya ji haƙori ya fita, ya tofar da shi tare da jini.

Ya koma kan gilashin kamar mahaukaci. Rezar ta karye, ya ci gaba da guntun, guntun ya shige masa yatsa, ya koma da farce. Motoci na wucewa a hankali, fasinjoji na leƙe, kowa na kawar da kai in sun haɗa ido da masu kakin. Duk waiwayen da zai yi sai ya ga wuyan Hadassah ya ƙara ja. Hannuwanta suka fara sauka, aka ɗaga su da bulala. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take ja, gwiwoyinta na ƙuna a kan kwalta. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi, tare da wata ƙiyayya da ta ba shi kunya, shi da yake dattijon coci.

Ya je ya buɗe but ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Nan take ya ji ƙarar ɗana bindigogi a bayansa. Bai waiwaya ba. Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya sauke a gilashin hagu, ya tarwatse ya zube kan kujerar da 'yarsa ke zama. Ya zagaya ya fasa na dama. Tarkacen suka yanke masa hannu har gwiwa. Ya yar da ƙarfen ya tsaya yana haki.

“Na cire, ranka ya daɗe.”

Sajen ya nuna da haɓa. “Saura babban.”

Ya sake sunkuyawa ya ɗauki ƙarfen. Babban ya fi taurin kai, sai da ya yi ta maka masa kafin ya rufta ciki. Sannan aka janye katakon, aka ce su ɓace, kuma ya gode wa Allah yau an tashi da sauƙin kai.

Da ƙyar ya ɗaga ta, fatar gwiwarta ta kwaile ta manne a kwalta. Ya tuɓe rigarsa mai jini ya lulluɓe mata kai, ya zaunar da ita a gaba. Ya ja motar suka nufi gida. Kafin dare wuyanta da kafaɗunta sun yi bororo, gyambon ya buɗe yana zubar da ruwa, zazzaɓi ya rufe ta.

Boniface ya zo gaisuwa, ya zauna a tsakar gida ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce zai sa farin gilashi kyauta in an samu. Istifanus bai iya jira ba. Ya share tarkacen, ya yanka wani tsohon bargo ya ɗaure a tagogin baya da waya, ya gwada zama a ciki da kansa ya tabbatar rana ba ta shiga.

Da bororon ya faffashe ya bushe, ran wata Litinin ya yi sammako ya wanke motar, ya tayar da ita a ƙofar gida kamar yadda ya saba. Ya jira. Yaran unguwa suka wuce makaranta. Ya bar injin na aiki ya shiga ciki, ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Labulen a sake yake.

“Hadassah, mun makara. Na toshe ko'ina, ba inda rana za ta shiga. Zan bi ta wata hanyar.”

Ya ji motsinta a kan gado.

“'Yan ajinki suna ta tambaya,” ya ce, bakinsa na furzar da iska ta gurbin haƙorin.

Muryarta ta fito a hankali, babu fushi a ciki, shi ya fi yi masa ciwo.

“Baba, je ka kashe motar.”