Jiniyar da Aka Rufe wa Ƙofa

Daren Talata jiniyar tsohuwar masaƙa ta yi wani kukan da ba a taɓa jin ta yi ba. Ta ɗauko kamar kullum, sai ta shaƙe a tsakiya kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Da gari ya waye kuma ba ta ce uffan ba.

Injiniya ta fito da jakarta, ta tarar da Baba, mahaifinta, zaune a bakin gado, takalmi a ƙafa, hula a gwiwa. Tun yana saurayi yake aiki a masaƙar, har aka sayar da injunan, aka mai da wurin ofisoshi da rumbun kaya. Yanzu sunayen jikokinsa ma kwance masa suke yi, amma jiniya ba ta kwance masa ba. Da ita yake tashi, kuma sai ta buga yake yarda ya ci abinci.

"Uwata, yau ba aiki ne?"

"Akwai, Baba. Sha shayinka."

"Ba a buga ba tukuna."

Ta san abin da ya faru, don da hannunta ta yi shi. Ita ke kula da kwamfutocin kamfanin da ya sayi wurin, jiya kuma ta kunna sabon tsarin tsaro. A da, duk abin da aka jona a bakin layin kamfanin da ke bango shigewa yake yi, ya yi yawonsa ko'ina. Yanzu kowace na'ura sai ta tsaya a ƙofa ta faɗi ko ita wace ce. Wadda ba ta da baki, tsarin ya saurari irin gaisuwarta, ya gane ta yadda ake gane mutum da takunsa: wannan firinta ce, wannan kyamara, wannan wayar baƙo ce, a kai ta wurin baƙi. Wadda bai gane ba, ya rufe mata ƙofa.

Da ta isa wurin aiki, ta hau hasumiyar da jiniyar take kai. Akwatin jiniyar na nan cikin gashin tattabaru, an ɗaure wayarsa da ƙyallen atamfa mai zanen ganye, irin wadda masaƙar take bugawa. Lokaci kawai akwatin yake tambaya a layin kamfanin, da aka hana shi sai ya rikice. Daga can sama ta hango titin da kekuna suke cikawa a da in an tashi daga aiki, maza da auduga a gashi kamar tsufa ya same su rana ɗaya. Tana ƙarama ita ke tsince wa Baba tasa daga gemu, tana tarawa a gwangwani, wai za ta yi wa kyanwa matashi.

"Cire ta kawai," in ji manaja, da ta sauko ta faɗa masa. "Bakin layi a waje, kan hasumiya? Kowane ɗan iska zai iya hawa ya zare ta ya jona kwamfutarsa. Ke kika koya min wannan karatun."

"Yallaɓai, zan yi mata lungu nata ita kaɗai. Ba za ta ga kowa ba sai agogo. In aka jona wani abu daban, ƙofar ta rufe kanta."

"To ta wane sashe ce? Dokarki ta ce kowace na'ura sai da mai ita." Ya yi dariya. "Masu rumbu sun ce ba tasu ba ce. Masu lissafi kuwa ɗauka suke ta maƙwabta ce."

Ta juya za ta fita, sai ya ƙara magana.

"In aka shigo mana ta nan, mai ita ne zai tattara kayansa. Kin ji dai."

Ta koma teburinta. Ta koya wa tsarin gaisuwar akwatin, gajera, mai kaushi, irin ta tsofaffin da ba sa son dogon zance. A gurbin mai ita ta sa sunanta.

Da ta dawo gida, abincin rana na nan a rufe, ba a taɓa ba. Baba na tsakar gida, kunnensa a sama. Ta zauna kusa da shi, ba ta ko cire takalmi ba.

Sai jiniyar ta ɗauko. Ta hau, ta hau, ta miƙe har ƙarshe, karnukan unguwa suka amsa mata. Baba ya sa hularsa, ya tashi tsaye, ya kakkaɓe gemunsa da hannu biyu.

"An tashi," ya ce. "Miƙo min kwanon nan, Uwata."

Tela, maƙwabcinsu, ya leƙo ta kan katanga da almakashi a hannu.

"Kai, ta warke ashe! Injiniya, wai ni kam, tunda babu masaƙa, wa take kira?"

Injiniya na buɗe kwano. Baba na wanke hannu.