Mijina Na Abidjan

Masu cewa harshe sai da ƙuruciya ba su taɓa riƙe alli ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, na ga yaro mai kai kamar dutse, na ga tsoho mai kaifi kamar aska. Ba tsufa ne ya kashe mini gwiwa a Faransanci ba, littafin Malam Audi ne.

Ɗana Kamilu yana fataucin shanu a Abidjan, can ya yi aure. Jikana Fahad, ɗan shekara shida, ko "sannu" bai iya ba. In suka kira ni ta bidiyo sai ya ɗago mini hannu kamar baƙuwa, ya arce. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa duk Asabar nake shiga mota zuwa Kurfi wajen Malam Audi, wanda ya yi karatunsa a Maraɗi.

Wata huɗu ina tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa, ina neman ɗaki a otal. Fahad bai daina gudu ba. Sai na daina zuwa.

Bayan sati uku, sai ga Malam Audi da sallama.

"Hajiya Rekiya, fashin makaranta? Ke da kika zane rabin garin nan a kan fashi?"

"Malam, ni ba otal zan kama ba. Littafinka daga 'don Allah' sai 'na gode'. Wace kaka ce ke yi wa jikanta ladabi? Tsokanarsa nake so in yi."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Na faɗa masa abin da nake so, ya rubuta mini da Faransanci, muka maimaita har bakina ya saba.

"Amma fa, Hajiya, can ba lallai su san wasan kaka da jika ba."

"Yau za su sani."

Ran Juma'a bayan la'asar suka kira. Kafin yaron ya juya na jefa masa da Faransanci: "Mijina rago, ka bar ni ba goro. Zan canza miji!"

Ya tsaya cak. Uwarsa ta leƙo tana zare ido, Kamilu kuwa dariya ta hana shi bayani. Da ya samu ya yi, sai Fahad ya ja kunnen ubansa, suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo ya cika mini waya da fuska, ya ce da Hausa mai karkatacciyar ƙafa:

"Tsohuwa, ba ki da haƙori. Na sake ki!"

Na washe masa baki ya ƙirga, duk suna nan sai biyu. Ya koma wajen ubansa neman wata baƙar magana, ni ma na laluba takardata. Wayar ta yi zafi a hannuna, uwarsa na ta kiransa cin abinci, yana ce mata ta dakata, bai gama da matarsa ba.