La'asar a Tsibirin Yashi

Ni dai Turai, wankan jego na je yi wa autata Wasila a Dubai. Da ta yi arba'in, sai mijinta Sanda, mai harkar kargo a unguwar Al Rigga, ya ce ya yi mana hayar jirgin ruwa na yini guda, mu je ganin tsibirai. Na ce me aka shuka a can? Ya ce, "Hutu ne kawai, Umma." Hutu a kan ruwa! Na ɗauki darduma da buta na bi su.

Jirgin fari fat, har da ɗaki da banɗaki a ciki. Muka yi ta tafiya har benayen gari suka koma kamar tsinken ashana. Sai ga tulin yashi nan da can, ruwa kore shar a tsakani, ko akuya babu. Sanda ya ce mutane ne suka zuba su, aka jera kamar taswirar duniya, wai nan wajen Afirka muke. Na duba, ban ga Afirka ba. Yashi na gani.

Matuƙin, wani Ba'indiye, ya kashe inji kusa da ɗaya daga cikin tsibiran. Na ɗaga kai na ga la'asar ta yi nisa, ni kuwa tunda na yi wayo rana ba ta taɓa faɗuwa ban sallace ta ba. A gidansu akwai 'yar kibiya mai nuna alƙibla manne a silin, ita nake bi. Nan babu silin. Sai na yi yadda na saba a Kano, rana a ƙeya, fuska gabas, na kabbara.

Raka'a ta biyu na ji rana a kunnena. Ina sallamewa na gan ta tsakiyar idona.

"Ke Wasila, wa ya juya ni?"

"Jirgin ne, Umma, iska ke kaɗa shi."

"To sallata ta ɓaci. Yamma na ƙare ina kallo."

Sanda ya sunkuyar da kai. "Ai Umma, ƙarshen ne daidai. A nan Makka yamma take."

"Tashi ta yi?"

"Mu ne muka wuce ta a jirgin sama."

"To kwana arba'in ɗin nan, ina nake kallo?"

"Yamma, Umma," in ji Wasila, tana ɓoye dariya a bayan jariri.

Kaina ya ɗaure tam. Farko ba daidai ba, ƙarshe daidai, tsakiyar kuma oho. Sanda ya ciro waya mai nuna alƙibla, allurar sai rawa take. Na ce abin da bai tsaya da kansa ba, shi zai tsayar da ni? Matuƙin ya miƙa hannu ya nuna min alƙibla yana "yalla, Mama, yalla", wai in yi sauri, kafin in gyara darduma hannun ya koma wani wajen. Rana kuwa ta fara ja.

Na ce, "A sauke ni ƙasa."

Matuƙin ya kai ni bakin yashin a ƙaramin kwalekwalen roba, saura taku uku, ruwa iya ƙwauri. Na ɗaga murya, "Wasila, ce wa mijinki ya juya baya!" Ya juya. Na tattare zane, darduma a ka, na taka.

Na fuskanci rana na kabbara. Jikina duk yana ce min Turai juya, Turai juya, na ƙi. Na sallame rana ba ta taɓa ruwa ba, alhamdu lillahi. Yashin dai zubin mutane ne, amma bai motsa da ni ba.

A hanyar komawa Wasila ta ce, "Umma, kin ji daɗin hutun?"

Na ce mata ta gyara wa yaron hula. Muna shiga gida na wuce ɗaki, na tsaya ƙarƙashin kibiyar nan, na daɗe ina kallonta.