Gwajin Leonard

"Ka ɗauke wannan gen daga bakin window na, ko in watsa mata ruwa!"

Madam Felicity ce ke ihu a tsakar gidan hayarsu na Karu, ta ci ɗamara kamar mai shirin dambe. Muhibba, wadda ɗakinta ke jikin na Leonard, ta ɗago daga wanke-wanke. Abin ya ba ta haushi, don wayar Madam ɗin ma tana cikin waɗanda ake caji a kan igiyar da Leonard ya zuro wa maƙwabta ta tagarsa.

Leonard ɗan Kafanchan ne, sana'arsa haɗa kwamfutocin wasa. Wani mai shagon wasanni a Wuse ya ba shi madabod, babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke liƙe a jikinsa, ya ce ya gwada ƙarfinsa. In gwajin ya yi kyau, shi zai haɗa wa shagon injinansa duka. Shi kuwa gwajin ba ya son katsewa: za a ɗora wa allon aiki mai nauyi wuni guda, ana duban zafinsa.

"Madam, please, ki yi haƙuri," in ji Leonard. "In wuta ya yanke, test ɗin zai koma zero. Sau biyu ke nan ina sakewa."

"Matsalarka ce. Hayaƙi yana shiga min kai."

Sauran 'yan haya suka goya mata baya, kowa da tasa. Sai kuma ga hadari. Leonard ya kinkimo janaretan yana ruri, ya shige da shi ɗaki, ya ajiye bayan ƙofa.

Muhibba ta bi shi da kumfa a hannu. "Leonard, a ɗaki? Wannan abu kisa yake yi fa."

"Anti, window a buɗe yake. Small time zai gama." Ya nuna mata fuskar kwamfutar yana murmushi. "Kin gani? Tun safe yana aiki, bai yi zafi ba. Wannan board ɗin namiji ne."

"Allon namiji ne, kai fa?"

Dariya ya yi. Ruwa ya kece, ta gudu ta kwashe shanyarta.

Iska ta karkato da ruwan wajen tagarsa. Leonard, wanda gara a taɓa lafiyarsa da a taɓa kayan aikinsa, ya rufe tagar ruf, ya toshe kafar igiyar caji da tsumma don kada feshi ya sami allon. Babu wanda ya gani. Kowa yana ɗakinsa, ƙarar ta yi ƙasa, an sami sauƙi.

Sai bayan la'asar man janaretan ya ƙare. Madam Felicity ta fito ta duba wayarta, ta buga masa ƙofa. "Leonard! Phone na bai cika ba. Ka ƙara fuel mana!"

Muhibba ta fito, ita ma ta buga, ba motsi a ciki. Ta kira maza aka ɓalle ƙofa. Yana zaune a kujera, kansa a kan tebur, kamar wanda gyangyaɗi ya kwashe. A asibiti likita ko allura bai ɓare ba.

Da suka dawo, tsakar gida ta cika da "ayya" da "yaron kirki". Madam Felicity ta fi kowa kuka. Muhibba ta tsane su a ranar, ta haɗa har da kanta. Tana kallo kowa ya lallaɓa ya zare wayarsa daga igiyar, ya sa a aljihu.

Gab da magariba aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki sowa. Ta ɓallalliyar ƙofar Muhibba ta ga kwamfutar ta tashi da kanta. Ƙananan fankokin allon suka fara juyawa, fitilunsa ja da kore suna haska kujerar.